Auta, Ka Hau Jirgin Nan

Daga Ketare zuwa Funtuwa, gidan Kawu Bawa, a ba Auta hannu da hannu.

Salamu alaikum. Auta, ni ce, Innarka. Ina gaishe ka, ina gaida kawunka da mutanen gidanshi, babba da yaro. Allah shi sa takardar nan ta iske ka lafiya. Allah shi tsare ka a tsaye, shi tsare ka a zaune, shi kare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin baki, har da bakin uwarka.

Malam Idi tela ne ke rubutawa. Ya aje ɗinkin mutane ya zauna a zaure, ni ina nan bakin ƙofa daga ciki, Hajo matar yayanka Garba tana gefena tana tsinkar zogale. Na ce mashi ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mani magana, don in ka ji ta yi kyau da yawa za ka ce ba ni ba ce.

Garba ya dawo jiya ya gaya mani abin da ka yi. Wai jirgin ƙasa ya zo ya tsaya, kana tsaye da akwatinka, mutane suka shiga, ya tashi ya bar ka. Wai ka ce ba ka tafiya makarantar likitan dabbobi da maganar da na ɗora maka a kai. Wai in jirgi na gaba ya zo ban aiko da komai ba, gida za ka dawo, su ba ɗan wani gurbinka. To ga shi na aiko. Zauna ka ji.

Na san abin da na ce. Ranar da za ka tafi na ƙi fitowa daga ɗaki, ka durƙusa bakin asabari kana sallama, na ce in ka tafi gawata za ka dawo ka iske. Na faɗa, Hajo ta ji, kaji ma sun ji. Amma kai da ka tashi a hannuna, yaushe ka fara ɗaukar tsorona da nauyi? Ni ce fa. Ni ce mai shiga ƙarƙashin gado in an yi tsawa. Ni ce na taka da ƙafa daga Kankara har gida don kada in hau mota, motar ta wuce ni ta dawo ta sake wuce ni, direban yana ɗaga mani hannu. Tun ina yarinya haka Allah ya yi ni. Kuma duk abin da na aikata cikin tsoro, in ka duba, shirme ne. Bari in jera maka, ko da ka san wasu, don yanzu aikinka ne ka san irinmu.

Ka tuna saniyata Mai Kwalli, farar nan mai baƙaƙen kunnuwa, wadda na gada wajen babana? Lokacin kana ƙarami, ko kaciya ba a yi maka ba. Da rani mai shela ya zagaya gari, ya ce kowa ya kai shanunshi Kankara, za a yi masu allurar bushiya. Kai ba ka ga bushiya da idonka ba sai daga baya. Ciwo ne da ke sa saniya hawaye da dalala da zawo, garke guda ya kwanta kamar an share. Kakanninmu sun ba mu labarinta. Amma a lokacin allurar muka fi tsoro. A bakin rijiya ba abin da ban ji ba. Wata ta ce saniyar da aka yi wa ba ta ƙara haihuwa. Wata ta ce nono ke ƙafewa. Wata ta ce ba wata allura, ƙidaya ce kawai ta jangali. Na dawo gida tulu na rawa a kaina.

To sai na ga shanun wasu Fulani suna dawowa daga wajen allurar. Na tsaya gefen burtali suna tahowa suna fuskantata, na lura kowace an tsage mata kunne kaɗan. Na tambaya, aka ce alama ce, wadda aka tsaga an gama da ita, ba a sake taɓa ta. Na duba da kyau, tsagar tana hannuna na dama. Na ce a raina, ashe abin mai sauƙi ne.

Washegari da hantsi babanku, Allah shi jiƙanshi, ya tafi kasuwa. Na ɗauko askarshi. Na zuba wa Mai Kwalli dusa, na tsaya ta bayan wuyanta, don ba ni iya kallon idonta, na rufe nawa idon, na ce bismillah, na tsaga kunnen da ke hannuna na dama. Ta yi wani tsalle, ni ma na yi, dusa ta watse. Na shafa mata toka, na wanke aska na mayar.

Malam Idi, bar dariya ka rubuta. Auta, shi Malam ya riga ya gane. Su waɗancan suna fuskantata na gan su, ita kuwa ta ba ni baya. Kunnen da ba shi ba na yanka.

Ranar kai shanu babanku ya ja ta, bai lura da komai ba, shi da ba mai duba kunne ba ne. Na bi su a baya da igiya kamar mai neman itace, na laɓe bayan wata ɗorawa kusa da shingen da ake tura shanu. Mai allurar wani dogon mutum ne baƙi, da wandon kaki, ba ɗan ƙasarmu ba ne, Hausarshi ma wani iri. Ya kama kan Mai Kwalli, ya duba, ya kankare tokar da farce. Ya ce wa babanku, "Malam, wa ya yi mata wannan?"

Babanku ya leƙa, ya ce, "La ilaha illallahu. Wallahi yanzu na gani."

Dogari ya matso yana gyara bulala. Ya ce, "Mun san irinku. Ku tsaga da kanku don a tsallake ku. Yau sai gaban hakimi."

Na rungume ɗorawa. Mutumin nan ya ɗaga kai, ya dubi babanku, ya dubi jama'a, ya hango ni rungume da itace da igiya a hannu. Sai ya ce wa dogari, "A'a, ranka ya daɗe, wannan ai sarƙaƙiya ce ta ja ta. Mai son ya cuce mu ba zai yanki kunnen dama ba, kowa ya san na hagu muke yi." Ya soka mata allura, ya tsaga na hagun, ya ce a wuce da ita.

Da rana ta yi ya zo shan ruwa gindin ɗorawar, ni ina nan laɓe har lokacin. Bai dube ni ba. Yana ɗauraye hannu ya ce a hankali, "Inna, gaba in za ki taya mu aiki, ki riƙa tsayawa ta gabanta."

Shi ke nan abin da ya ce. Saniyata ta dawo gida kunne biyu a tsage, ita kaɗai a ƙasar Ketare, yara suna bin ta suna kiranta amarya mai 'yan kunne. Babanku kuwa har ya bar duniya, in ya ɗauko aska zai yi gyaran fuska sai ya leƙo ya ce, "Wanzamiya, kin gama da ita ko in jira?"

To ka ji. In ka zama malamin dabbobi za ka iske irina a kowane gari. Za ka ga kunnen da aka tsaga da aska, za ka ji saniya tana kuka a cikin ɗakin kwana an ce maka ba kowa. Kada ka ce mugunta ce. Mafi yawa wata ce ke laɓe bayan itace, abin da ta mallaka duk duniya ke hannunka. Ka yi aikinka, kada ka tsallake saniyar ko da an yi maka kuka, shi ma bai tsallake tawa ba. Amma kada ka tona mutum gaban jama'a in akwai hanyar rufewa. Kuma ka riƙa sa ido a kan dogarin da aka haɗa ka da shi, don bulalarshi da sunanka za a tuna ta.

Ba a nan na tsaya ba. Bayan 'yan kwanaki Mai Kwalli ta daina tuƙa. Jiki ya yi zafi, ido na hawaye, ta kwanta ta ƙi dusa. Babanku ya tafi Sabuwa sayen doya, ba ya nan. Na ce shi ke nan, matan bakin rijiya sun yi gaskiya, sun kashe mani ita. Na ce kafin ta mutu mushe gara a sa mata wuƙa. Na aika a kira Ɗanjuma mahauci.

Allah ya taimake ni da lalacin Ɗanjuma. Aka ce ya tafi cin kasuwar 'Yankara. Washegari aka ce ya dawo amma ƙafarshi na ciwo. Ni ina nan ina zagaya saniya ina kuka ina zagin Ɗanjuma. Sai da ya ga dama ya taho, da wuƙaƙenshi da igiya da malafa a ka. Ya shigo ya aje malafar a kan turke, ya tsuguna yana wasa wuƙa a dutse yana ce mani, "Ki yi haƙuri, haka allurar nan take, ta gama da shanun mutane." Bai rufe baki ba muka ji ƙurus ƙurus a bayanshi. Muka waiwaya. Mai Kwalli ta miƙe tsaye, rabin malafarshi na bakinta.

Ya yi tsalle ya ce, "Ke! Wannan ce mara lafiyar? Wannan ai ta fi ni lafiya!"

Na ce, "Ɗanjuma, mayar da wuƙarka."

Ya ce, "To malafata fa?"

Na ce, "Ka tambaye ta."

Da babanku ya dawo na ba shi labari, sai ya riƙe baki. Ya ce ai mai allura ya faɗa tun a can, ya ce za su yi zazzaɓi su kwanta, kada kowa ya yanka, a ba su ruwa da inuwa za su tashi. Na ce wa ya faɗa mawa? Ya ce mu. Na ce ku wa? Ya ce maza. Na ce to da ka dawo ka gaya wa wa? Ya hau sosa ƙeya.

Wannan ka riƙe shi da kyau, Auta, ban sani ba ko za su koya maku a can. Maza ke kai bisashe wajen allura, amma mata ke kwana da su su tashi da su. Mu ke ba su dusa, mu ke ganin wadda ta daina tuƙa. Akuyar gida da tunkiya da kaji, kusan duk namu ne. In ka faɗi magana a dandali ka ɗauka ta shiga gida, ba ta shiga ba, tana nan zaure ta kwana. Ka nemi tsohuwar gari, ko ungozoma, ko mai kitso, ka gaishe ta da kyau, ka gaya mata abin da zai biyo bayan allura, mai daɗi da mara daɗi. In ba ka samu ba ka tsaya jikin danga ka ɗaga murya kamar da maigida kake, muna ji. Kada ka ɓoye cewa za su yi zazzaɓi don kana son a kawo. In ka ɓoye, ranar da saniya ta kwanta mahauci za a kira, kuma ba kowane gari ke da malalacin mahauci ba.

Bushiyar ta zo daga baya, ka dai tuna wannan, lokacin ka yi wayo. Ta biyo shanun fatake ta burtali. Waɗanda suka gudu da nasu daji lokacin allura, ba na son in faɗi abin da suka gani. Mai Kwalli ko tari ba ta yi ba. Ta haihu, ta sake haihuwa, nononta ka sha har ka yi wannan tsawon da kake sunkuyawa a ƙofar ɗakina.

Hajo ta ce in ba da na kaji. Ke dai kina son a yi dariyar uwar mijinki. To rubuta, Malam.

Wata shekara ciwon kaji ya shigo unguwarmu. Ka ga kaza tana gyangyaɗi, ta murɗe wuya, ta faɗi. Na maƙwabta suka fara. Na duba nawa, lafiyarsu lau, sai guda ɗaya da ta ɗan yi sanyi. Tsoro ya ce mani, kwashe su ki gudu. Na zuba su a kwando har da mai sanyin, don ita ce mai yawan ƙwai, na ɗora a ka, na kama hanyar 'Yankara gidan ƙanwata Tabawa. Ta tarbe ni da murna, ta ce, "Yaya, kin kyauta da kika tuna da ni," ta buɗe akurkinta ta haɗa su da nata. Kafin kasuwa ta zagayo ba kaza ko ɗaya a gidan Tabawa, ba nawa ba nata, har na maƙwabtanta. Zakaran unguwar kaf suka tafi, sai da ladan ya riƙa makara. Har yau in na je gidanta, kafin ta amsa sallama sai ta leƙa bayana ta ce, "Ke kaɗai ce, ko kin zo da baƙi?"

Ni na ɗauka ina gudun ciwo ne, ashe ni na ɗauke shi a ka na kai mashi inda bai san hanya ba. Za ka gamu da masu yin haka da garke guda. In an ce an tsare shanun wuri kaza kada su fita, za su zo maka da magiya, wani da kuka, wani da ƙwaryar man shanu, wani ya ce ai ya san babanka. Kada ka amshi man, kada ka buɗe hanya. Ko ni ce na zo da kwandona, ka ce Inna koma gida. Amma ka faɗa da taushi, ka zauna ka sha ruwansu, ka ba su labarin kajin Tabawa in ka ga dama, na yafe maka.

To yanzu ga na ƙarshe, wanda na yi da kai. Duk waɗancan a kan bisashe na yi su, wannan a kan ɗana. Da aka ce an zaɓe ka, ka san abin da ya faru a gidan nan? Mata suka cika tsakar gida suna guɗa. Tabawa ta taho tun daga 'Yankara da ƙafa. A bakin rijiya yanzu ba mai kirana sai uwar likita, har waɗanda suka ce nono ke ƙafewa. Wani Bafillace daga wajen Faskari ya tsaya ƙofar gida da sandarshi ya ce a nuna mashi tsohuwar, ya ce in ɗana ya dawo a fara da rugarsu. Na shiga ɗaki na yi rawa ni kaɗai, Hajo ta kama ni. Wallahi tun da aka haife ka ban yi farin ciki irin wannan ba. Sai da na ga akwati a ɗaure, tsoron ya taso, bakina ya faɗi abin da ya faɗa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ya tafi ba. Yana nan. Ina tsoron jirgin, an ce ƙasa na gudu a ƙarƙashinshi. Ina tsoron sanyin can ƙasar duwatsu, an ce ruwa na cizon hannu. Ina tsoron ƙahon bijimi, ina tsoron mahaukacin kare, ina tsoron ka saba da cin abinci da cokali ka dawo kana ƙyamar tuwona. Ina tsoron in mutu ba ka nan. Wannan ɗin shi ne babba, kuma ba ni da maganinshi, kai ma ba ka da shi. In ka dawo ka zauna gabana kana kallona, ranar da aka rubuta ba za ta matsa ba. Abin da zai canja kawai, ni zan riƙa kallon ƙaton saurayi yana saƙar zana a zaure, in san ni na jawo shi daga bakin jirgi. Wannan kam ba zan iya ɗauka ba.

Saboda haka, Malam Idi, rubuta wannan da manyan baƙaƙe, kai shaida ne, Hajo shaida ce. Maganar da na faɗa na janye ta. Ba ta bin ka, ba ta bin hanyarka. Na yarda ka tafi, da zuciya ɗaya na yarda, na sa maka albarka duniya da lahira.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ko Bature na tsaye, ka ce mashi yanzu za ka dawo. Ka sa rigar sanyin da Garba ya saya maka, kada ka ce nauyi. Kada ka tsaya bayan jaki, kada ka tsaya gaban bijimi, saniya mai sabon maraƙi kuwa ko ta ina kada ka yarda da ita. Ka wanke hannu in ka taɓa mushe kafin ka kai baki. In malaminku ya faɗi abin da ba ka gane ba, ka tambaya, kada ka koma gefe ka yi dabararka, ka ga inda dabara ta kai uwarka. Ƙuli-ƙulin da ke ƙasan akwati ka raba da abokan kwananka, amma yajin ka ɓoye.

Bawa, kai kuma da kai nake, na san kai za a fara karanta mawa. Ƙanena ne kai, ina da iko da kai. Ranar jirgi ka ɗauki akwatin da kanka ka shiga da shi, ka zaunar da yaron nan kusa da taga, kada ka sauko sai ka ji abin ya fara motsi. In ya ce maka Inna fa, ka ce Inna na Ketare tana kuka tana cin tuwonta, haka ta saba, kuma ba ta son ganinshi sai da wandon kaki.

Allah shi kai ka lafiya, Auta, shi sauke ka lafiya. Allah shi haɗa ka da mutanen kirki, shi buɗe maka kai, shi sa albarka a hannunka, duk bisar da ka taɓa ta tashi. Allah shi tsare gabanka da bayanka. In da rabo mu gana, in babu, na riga na yafe maka komai, kai ma ka yafe mani.

Malam ya ce takarda ta ƙare, mai mota kuma yana jira. Tashi ka tafi.

Ni ce Innarka.